Ceto kaset-kaset na makaɗan kuntigi da gurmi: inda aka kwana

11 Janairu 2025

Tarin da ake aiki a kansa ya haura kaset 100, an haɗo su daga akwatunan gidaje da ragowar kayan tsofaffin masu shagon kaset. An ware irin kiɗan da mutum ɗaya ke riƙe da abin kiɗansa, shi ya tsara waƙar, shi kuma ke rera ta. Mafi yawansu na Ɗan Maraya Jos mai kuntigi ne, sai na Haruna Uji mai gurmi, sai wasu da babu sunan kowa a jikinsu. Abin da ake so shi ne a kwashe sautin zuwa kwamfuta tun zaren bai mutu ba, sannan a rubuta baitocin.

An kasa su uku. Kashi na farko na kamfani ne, masu bango da aka buga. Na biyu kwafin kasuwa, waɗanda aka kwafo daga wani kwafin, wani lokacin ma a kan gudu biyu don a sami yawa. Na uku waɗanda aka ɗauka a gida daga rediyo ko talabijin, ko aka kafa rakoda a wurin biki. Rabon yana da amfani domin kowane kashi da irin ciwonsa. Kowane kwafi da aka yi daga wani kwafin yana zubar da siririn sauti ya ƙara shuu, shi ya sa in waƙa ɗaya ta fito a kaset huɗu, wanda ya fi kusa da asali ake nema, ko da bangonsa ya fi na sauran muni.

Kafin a taɓa komai, kowane kaset ya sami lamba a jiki da kuma a kwalinsa, an ɗauki hoton bango gaba da baya, an kuma ɓalle 'yan kunnuwan roba biyu da ke samansa. Muddin kunnuwan nan suna nan, yatsa ɗaya a kan jan maɓalli ya isa ya goge waƙa har abada.

25 Janairu 2025

Makonnin nan biyu sun tafi a kan na'ura. Rakodar da ke haɗe da rediyo da sifika ba ta wannan aikin ba ce. Ana buƙatar na'urar kaset mai zaman kanta wadda ke da ramin fitar da sauti a baya, kuma wadda hannu zai iya kaiwa ga sukurun hed ɗinta, wato ɗan ƙarfen da zare ke bi ta kansa yana karanto sauti. An samu tsohuwa mai hed uku.

Bel ɗinta ya narke ya koma kamar kwalta, abin da ke samun kusan duk na'urar da ta yi shekaru a ajiye. An kankare shi da auduga da sifirit, an sa sabo. Awon bel sai an kula: a zagaya zare a hanyar da yake bi, a auna, a sayi wanda ya gaza wannan tsawon da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. In ya yi sako-sako sauti zai riƙa lilo, in ya matse zai ci moto. Robar da ke danne zare a jikin sandar ƙarfe mai jansa ta bushe ta yi santsi, ita ma an canza ta. Irin wannan busasshiyar roba ce ke sa na'ura ta tauna zare.

Wanke hed da sandar jan zare da sifirit ɗin isofurofil ake yi, mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama, a bari ya bushe kafin a saka kaset. Tsofaffin zaruruwa suna zubar da jan gari, saboda haka dokar ita ce a goge bayan kowane gefe. A hunturun nan ƙura ma ta isa abokiyar gaba: taga a rufe, na'ura a lulluɓe da zarar an tashi.

Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa, tun daga lokacin da Philips ya fito da shi a 1963. An gwada na'urar da kaset ɗin gwaji mai ɗauke da sautin 3,000 Hz, wato kaɗawa 3,000 a daƙiƙa, kwamfuta ta nuna ya ɗan haura, aka juya ɗan sukurun da ke bayan moto har ya zauna daidai. Wuta kuma daga batir da inbata ake ja. Ɗaukewar wuta a tsakiyar gefe tana nufin a koma farko, kuma kowane zagaye ɗaya da tsohon zare ya yi a kan hed, wani abu ya ragu a jikinsa.

8 Fabrairu 2025

An fara kwashewa. Daga na'urar kaset waya ta shiga ƙaramin akwatin sauti na USB, daga nan zuwa Audacity, manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta. Ana ɗauka a 96 kHz da bit 24, wato ma'aunin ingancin ɗauka, a ajiye a fayil nau'in WAV wanda ba ya matse sauti. Ƙungiyar IASA ta masu adana sauti ta sa 48 kHz da bit 24 a matsayin mafi ƙanƙanta, don haka wanda wurin ajiyarsa bai da yawa zai iya tsayawa nan. Lissafin wuri: awa ɗaya a 96 kHz tana cin kimanin gigabait 2, wato kaset ɗaya mai minti 60 (C60) kenan, mai minti 90 (C90) kuma ya ɗan haura 3. Ana saita ƙarfi yadda wuri mafi ƙara ba zai wuce dB 6 ƙasa da ƙololuwa ba (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Kuntigi yana da tsini a farkon kowane bugu, allurar na'ura ba ta saurin nuna shi, don haka lambobin kwamfuta ake kallo.

Kafin ɗauka, kowane kaset yana zuwa ƙarshe ya dawo farko, zagaye biyu ko uku. Wannan yana sassauta naɗin da ya daɗe a manne, yana kuma rage wata 'yar murya da ake ji can ƙasa-ƙasa kafin mawaƙi ya buɗe baki. Maganaɗisun wani falle ne ya hau na kusa da shi saboda daɗewa a ajiye. A kiɗan taro ba a cika lura da ita ba, ganguna sun rufe. A waƙar mutum ɗaya, inda ake samun shiru tsakanin baiti da baiti, a fili take.

Abin da ya fi komai canza sakamako shi ne karkatar hed. Kowane kaset an ɗauke shi ne da hed mai tasa karkatar, kuma in ta wannan na'urar ba ta dace da waccan ba, siririn sauti ya tafi, murya ta koma kamar daga cikin bargo. Gyaran: a haɗe hagu da dama su zama sauti ɗaya a kunne, a kunna kaset, a juya sukurun gefen hed a hankali da sukuddireba marar maganaɗisu, rubu'in zagaye gaba, rubu'i baya, har a kai inda “s” da “sh” na mawaƙin suka fi fitowa tas. Nan ake tsayawa. Kowane gefe da nasa saitin, a kwafin kasuwa ma wani lokacin kowace waƙa da nata, domin daga kaset dabam-dabam aka tattaro su.

Maɓallin Dolby, mai rage shuu, a kashe yake sai in an ga tambarinsa a jikin kaset. Kunna shi a kan zaren da ba da shi aka ɗauka ba yana dusashe sauti. Kusan duk tarin zare ne mai ruwan ƙasa, nau'i na ɗaya, mai saitin 120 a maɓallin zaɓen nau'in zare. 'Yan kaɗan masu baƙin zare da ƙarin rami a sama su ne nau'i na biyu, saitinsu 70.

Ko kaset na sauti ɗaya ne, ana ɗaukar hagu da dama duka. Layin hagu shi ne a bakin zare, inda lanƙwasa da tauna suka fi yi wa illa, don haka sau da yawa na dama ne ke da lafiya.

1 Maris 2025

Aiki zai ragu saboda azumi. An mayar da hankali kan gyaran jiki.

Ciwon da ya fi yawa shi ne faɗuwar ɗan soson da ke tura zare jikin hed. In babu shi sauti yana zuwa yana ɗaukewa. Ana ciro wani daga kaset marar amfani a manna da ɗigon gam, a bar shi kwana guda. Kaset mai sukuru biyar buɗe shi ba wuya. Wanda aka like da zafi sai an tsaga shi da reza ta gefe, a ɗauke tayoyin biyu da zarensu a mayar cikin gidan wani mai sukuru, tare da 'yan fallayen nan biyu masu santsi da ke ciki. Inda zare ya tsinke, ana haɗa shi da tef ɗin haɗa zare, a bayansa, gefen da ba ya taɓa hed. Salatif haram ne a nan: gam ɗinsa yana tsattsafowa ya like fallayen da ke kusa, kuma an tarar da kaset da yawa da aka yi wa wannan gyaran tun da can. C120 zarensa ya fi kowanne siranta, da biro ake naɗe shi, ba a ba na'ura ta ja shi da gudu.

5 Afrilu 2025

Matsalar gudu ta fi yadda aka zata. Na'urar nan tana tafiya daidai, amma waɗanda aka yi ɗaukar da su a da ba lallai ba ne. Bambancin kashi 6 cikin 100 ya kai rabin mataki a sautin kiɗa, kuma tun kafin a kai nan muryar dattijo ta fara komawa ta saurayi. Da jita ce ko fiyano, sai a auna da 440 Hz, sautin da aka saba daidaita su a kai, a gama. Kuntigi ba shi da tsayayyen sauti, makaɗi yana ɗaure tsirkiyarsa ne daidai da muryarsa ta wannan ranar. Dole a nemi ma'auni a wani wuri.

Na farko shi ne gurnanin wutar lantarki. Wutar Nijeriya 50 Hz ce, kuma rakodar da aka jona da wuta takan bar siririn layi a wannan wurin. In hoton sauti ya nuna layin a 52, kaset yana gudu da ƙarin kashi 4, sai a rage shi da 50 bisa 52, wato a ninka da 0.96. Amma akwai tarko uku. Wutar ƙasa kanta tana ɗan yawo a kusa da 50, don haka bambancin kashi 1 ba hujja ba ne. Janareta ya fi ta yawo nesa ba kusa ba. Kwafin kasuwa kuma yakan zo da layi biyu ko uku, kowace na'ura ta bar nata, kuma na ɗaukar farko ne kawai ke da amfani.

Na biyu ya fi aminci, sai dai ba ya samuwa sosai. Abin da aka ɗauka daga tsohuwar talabijin yakan ɗauko ƙarar 15,625 Hz ta layukan hoto. In zaren ya riƙe ta, an huta.

Kaset ɗin biki da aka ɗauka da batir nasu daban ne. Yayin da batir ke mutuwa moto yana rage gudu, don haka in aka kunna a gudun daidai, waƙa tana ƙara sauri da siranta zuwa ƙarshen gefe. Waɗannan sai an yanka su gunduwa-gunduwa, kowace da nata lissafin. Wajen gyara, a zaɓi abin da ke canza sauri da kaurin murya tare, domin tare suka karkace. Inda babu wani ma'auni, ana kwatanta muryar da ta kaset ɗin kamfani na wannan mawaƙin, a rubuta a takarda cewa da kunne aka yi. Fayil ɗin asali ba a taɓa shi, duk gyara a kan kwafi ne.

10 Mayu 2025

Gwajin share ƙara. An ɗauki waƙa ɗaya aka fitar da ita kala uku: ɗanya, mai ragin dB 6, mai ragin dB 18. Aka kunna wa masu sauraro a sifikar waya da kuma babbar sifika ba tare da an gaya musu wacce ce wacce ba.

Mai ragin 18 ita ce ta fi tsabta, ita ce kuma ta fi lalacewa. Manhaja tana ɗaukar samfurin shuu daga wurin da babu kiɗa, sai ta bi waƙar tana cire duk abin da ya yi kama da shi. To shuu ɗin kaset yana zaune ne a unguwa ɗaya da “s”, “sh” da “ts”, da fashewar “ƙ”, da jan numfashin mawaƙi, da karcewar farce a kan tsirkiya. Wasu kuntigin ma suna da ɗan farantin ƙarfe mai zobba a kan sanda wanda ke kaɗawa da kowane bugu, kuma makaɗi da gangan ya sa shi. Manhaja ba ta san haka ba, datti take ɗaukarsa. Abin da ya rage bayan an share shi ne murya mai ƙyalƙyalin ruwa-ruwa a bayanta, kalmomi sun rasa bakinsu, tsirkiya ta koma ƙarar na'ura.

A irin wannan kiɗan babu abin da za a ɓuya a bayansa. Murya ɗaya ce da tsirkiya, kuma abin da ke riƙe mai sauraro shi ne jin cewa mutumin yana zaune kusa, yana gaya masa magana. Kunne yana mantawa da shuu bayan minti ɗaya, amma ba ya yafe wa muryar da aka goge. Ba a nan kaɗai aka san wannan ba. A Amurka, mawaƙi Bruce Springsteen ya ɗauki waƙoƙin kundinsa Nebraska a gida a farkon 1982 da na'urar kaset mai layi huɗu, ya gwada sake su a situdiyo da cikakkiyar ƙungiya, ƙarshe dai sautin kaset ɗin aka fitar a matsayin kundin.

Matsayar da aka tsaya a kai: ragi ba zai wuce dB 6 ba, kuma kaset ɗin kamfani ba a share su sam. Gurnanin wuta ana cire shi da siririn yanka a 50 Hz. A 100 da 150 sai in ya dami kunne, domin gindin muryar namiji yana tsakanin kimanin 85 da 180, yanka mai faɗi a nan zai rame da ita. Ƙas-ƙas na wurin da zare ya lanƙwashe da hannu ake gyara shi, ɗaya bayan ɗaya.

20 Yuni 2025

Yau shekara 10 da rasuwar Ɗan Maraya. Adamu Wayya sunansa, an haife shi a 1946 a Bukuru kusa da Jos, iyayensa suka rasu yana ƙarami, daga nan laƙabin ya samo asali. An kammala kwashe kasonsa na tarin, an shiga rubuta baitoci.

Zaman sauraro ya fito da wani abu game da dalilin da waƙoƙin nan suka ƙi tsufa. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, sautinsa siriri ne mai tsini. Shi da muryar mutum duka suna zaune a tsakiyar abin da kunne ke ji, daidai inda ƙaramar rediyo, gajeren zango da sifikar waya ke iya fitarwa. Abin da aka ɗauka daga Rediyon Kaduna a kashi na uku da ƙyar yake kaiwa 5,000 Hz, amma waƙar tana nan da ranta. Kiɗan da ya dogara da kaurin ganga yana asarar rabin jikinsa a irin wannan hanyar. Wannan kuwa ya bi ta rediyo, ya bi ta kwafin kwafi, ya shiga memori, ya fito ana gane kowace kalma.

Sai kuma abin da yake faɗa. Makaɗan fada sarki suke wa waƙa, wanda bai san gidan ba sai an yi masa bayani. Ɗan Maraya karen mota ya yi wa waƙa, da mai akwai da mai babu, da rigimar miji da mata, da auren dole, yana sauya murya ya zama wannan ya zama waccan shi kaɗai. Motocin sun canza, yaran mota suna nan, rigingimun ma ba inda suka je.

Wajen rubutu, rashin 'yan amshi yana da tsada. A waƙar Mamman Shata, in zare ya ci wani wuri a amshi, zai sake dawowa sau da dama. A nan baiti yakan wuce sau ɗaya ne, in ya faɗa a ramin zare sai an nemo wani kaset. Shi ya sa ba a zubar da kwafin da ya maimaitu ba, ko mai muni ne. Kuma waƙa ɗaya a kaset biyu ba lallai ta zama abu ɗaya ba: ta situdiyo daban, ta wurin biki daban, da sunayen mutanen da ke wurin a ciki. Kowacce da lambarta.

Ƙa'idar rubutun: mutum biyu su rubuta kowa shi kaɗai, sannan a gwama. A sa minti da daƙiƙa a farkon kowane baiti. A rubuta abin da aka ji da karin harshen mawaƙin, ba a mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Inda aka kasa ji a bar gurbi da alama, kada a cike da zato. Rage gudu zuwa kashi 80 yana taimakawa a wuraren da ya yi sauri, ƙasa da haka wasula suna jirkicewa, dogo da gajere su rikice.

12 Yuli 2025

Damina ta kawo fumfuna. An ga farin gari a gefen naɗin wasu kaset da suka zo daga baya. An ware su a leda daban da 'yan ƙwayoyin tsotse danshi har su bushe, sannan a goge da ƙyalle marar gashi ana naɗewa da hannu, da takunkumi a hanci. Wata tsohuwar na'ura aka keɓe musu don zagayen farko. Shanya kaset a rana ba magani ba ne, gidan yana lanƙwashewa, zaren ya miƙe. Gasa zare a kimanin digiri 50 da ake ji ana yi, na wasu manyan zaruruwan situdiyo ne masu danƙo, kaset bai cika buƙatarsa ba. Ajiya a tsaye, cikin kwalinsu, nesa da sifika da bango mai jiƙa.

9 Agusta 2025

Kashi na farko da na biyu sun kammala, na uku ya kai rabi. Kowane fayil yana wuri uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na waje, da wani faifan a wani gida. An fitar wa kowanne lambar MD5, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil ɗin, don a riƙa dubawa ko wani abu ya lalace a ɓoye. Sunayen fayil babu ƙ, ɗ, ɓ a ciki, domin wasu na'urori suna mayar da su alamar tambaya. Cikakken suna da ƙugiyoyinsa yana cikin jadawali, tare da nau'in zare, ranar ɗauka, da duk gyaran da aka yi.

Maganar sakin waƙoƙin a intanet an jingine ta. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, waƙa tana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, wato ta Ɗan Maraya sai ƙarshen 2085. Ɗaukar sautin kuma tana da nata wa'adin na shekara 50, wanda sau da yawa na kamfani ne. Mallakar kaset ba ta ba mutum ko ɗaya daga cikin biyun. Za a rubuta wa magada tukuna.

Abin da ya rage: kaset ɗin batir da ke jiran gyaran gudu gunduwa-gunduwa, masu fumfuna da ba su gama bushewa ba, da muryoyi uku a kashi na uku da har yanzu ba a gane masu su ba. Biyu gurmi ne, ɗaya kukuma. An yanko daƙiƙa 30 daga kowacce za a kai wa tsofaffin ma'aikatan rediyo da masu shagon kaset su saurara. Sandar jan zare kuma ta fara 'yar ƙara, za a buɗe a sa mata ɗigon mai kafin a ci gaba.